Saɓanin Katolika da Furotesta a Kan Jibin Ubangiji, da Yadda Ya Iso Nasarawa ta Kaduna

Unguwar Nasarawa tana kudu da Kogin Kaduna, daura da Kakuri, kuma masaƙu ne suka cika ta da mutane. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa, Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Lardin Zazzau, da mutanen Filato da Adamawa, da Tibi da Idoma da Ibo. Da yawansu Kirista ne, kowa kuwa ya zo da irin mishan ɗin da ta riga isa ƙauyensu. A gida ɗaya na haya sai a sami ɗan Katolika da ɗan S.I.M. suna cin tuwo a akushi ɗaya ran Asabar, amma ran Lahadi akwai wata loma wadda ba su iya ci tare. Lomar nan ita ce Jibin Ubangiji, watau gurasa da ruwan inabi da Kirista ke karɓa don bin abin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi da almajiransa a darensa na ƙarshe.

Asalin gardamar a kan kalma guda ta ke. Linjila ta ce ya ɗauki gurasa ya kira ta jikinsa, ya ɗauki ƙoƙo ya kira abin da ke ciki jininsa. To, haƙiƙa ya ke nufi ko misali? Hausa ma tana da wannan ƙofa biyu, don in an ce wane zaki ne, ba wanda zai tafi neman wutsiyarsa, in kuwa an ce wannan gishiri ne, to, gishirin a ke nufi. Ikilisiyar Rum ta tsaya a kan haƙiƙa. A taron Lateran na huɗu, a 1215, ta zartar cewa gurasar tana juyewa ta zama jiki. Daga baya Toma Akwinas ya warware yadda hakan ke aukuwa da ƙa'idar Aristotal ta zati da sifa, wadda malaman Turai suka karanta da taimakon sharhin Ibn Rushdi: zatin gurasa ya tafi, sifofinta, watau launi da ɗanɗano da nauyi, suna nan. Wanda ya karanta tauhidi a zaure ba zai ji waɗannan kalmomi baƙi ba, ko da ya ke aikin da aka sa su daban ne.

Kuskure ne a zaci Furotesta bakinsu ɗaya a kan wannan. A 1529 Sarki Filibus na Hesse ya tara Martin Luta da Zwingli a Marburg don su daidaita. Suka yarda da juna a kan mas'ala 14, suka rabu a kan ta 15. Luta ya ƙi bayanin zati da sifa, amma ya nace Almasihu yana nan haƙiƙatan tare da gurasar. Zwingli ya ce alama ce ta tunawa. Kalbin na Janiba ya bi tsakani, ya ce mai bangaskiya yana ci ne cikin ruhu. Rum ta mayar da martani a taron Trent, ta ƙarfafa juyewar zati a 1551, sa'an nan a 1562 ta tabbatar cewa Misa hadaya ce. Nan ne gizo ke saƙa. In hadaya ce, sai da firist naɗaɗɗe, in tunawa ce, fasto ko dattijo ya isa. Shi ya sa da Paparoma Leo na 13 ya yanke a 1896 cewa naɗin limaman Angalika bai inganta ba, sai hukuncin ya shafi teburinsu gaba ɗaya.

Duk waɗannan ra'ayoyi sun shigo Arewa, kowanne ta ƙofarsa. S.I.M. ta fara yunƙuri a 1893, ta kafu a Fategi a 1902. S.U.M. ta sauka Wase a 1904, reshenta na mutanen Denmak, mabiya Luta, ya zauna a Numan a 1913. Likita Mila na C.M.S. ya zauna a Zariya a 1905. Fadan Katolika na ƙungiyar S.M.A. suka buɗe Shendam a 1907. Mishan-mishan na Furotesta suka raba ƙasa a tsakaninsu don kada su yi karo, Katolika kuwa ba ta cikin wannan shiri, saboda haka duk inda ta shiga gasa ce. A ƙauye rabon ƙasa ya ɓoye saɓanin, don mutum yana iya tsufa bai ga wata al'ada ba sai ta mishan ɗinsa. Gari irin Kaduna, da unguwa irin Nasarawa, su suka tone shi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda Hausa ta lulluɓe wani sashe na rigimar. Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Furotesta suka fassara, ya zama na kowa a ƙasar da harsuna suka yi yawa. Kalmar jibi abinci kawai ta ke nufi, ba ta ce hadaya ba, ba ta ce alama ba. Gurasa Kanawa sun san ta tun zuwan Larabawa. Ruwan inabi kuwa, ko ruwan anab kamar yadda tsohuwar fassara ta ce, bai nuna ko ya yi tsami ko bai yi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar Katolika ba ta karɓar kome sai gurasar alkama da ruwan inabi na ainihi wanda ya nuna ya zama giya. S.I.M. da Baptis kuwa sun fito daga al'adar Amurka da Ingila ta ƙin barasa, inda tun 1869 wani mai suna Welch ya gano hanyar ajiye ruwan inabi ba tare da ya yi tsami ba, coci-coci suka koma kansa. Sunan abu ɗaya, abin da ke cikin ƙoƙon biyu.

Ta nan ne gardamar malaman Turai ta zama ta talaka. Ma'aikacin masaƙa bai damu da zati da sifa ba, abin da ya sani shi ne wa a ke ba, wa a ke hanawa. A E.C.W.A., wadda ta gaji S.I.M. a 1954, mai shan burukutu a kan sa shi ƙarƙashin horo, horon kuwa babbar alamarsa hana Jibi. Fada bai haramta sha ba sai maye, amma shi kuma ba ya ba wanda ke da babban zunubi sai ya yi iƙirari, ko wanda aurensa bai bi ta coci ba. Mai mata biyu duka ɓangarorin sun rufe masa ƙofa. Kowane gefe yana ganin ɗayan ya sassauta inda ya kamata a tsananta. Furotesta sun fi dogara ga wa'azi, Jibi sai lokaci-lokaci, ɗan Katolika kuwa Lahadin da babu fada sai katikis yana ganinta ragaggiya ce.

Har tsarin aikin masaƙa ya shiga cikin zancen. Dā ɗan Katolika ba ya karɓa sai ya kame baki tun tsakar dare, ko ruwa bai sha ba, abin da ya yi wa mai aikin dare nauyi ƙwarai. Paparoma Piyus na 12 ya ba da izinin Misar yamma a 1953, ya mai da kamun bakin sa'a 3 a 1957, shekarar da masaƙar Kakuri ta fara aiki, aka rage shi zuwa sa'a 1 a 1964. Taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe hanyar yin Misa da harsunan mutane maimakon Latin, har Hausa ta hau bagade. Tafiyar Ibo a 1966 ta ƙara tura Katolikar Kaduna wajen mutanen ƙasa, kuma a 1975 Peter Jatau ya gaji John McCarthy a kujerar Akbishop. Daga nan ɗan E.C.W.A. da ya shiga Misa yana jin kome da kunnensa, ya kuma gane daidai inda aka bambanta.

Siyasa ta haɗa abin da tauhidi ya raba, amma iyakarta bakin teburi. An kafa ƙungiyar Kiristocin Arewa a 1964, C.A.N. ta biyo a 1976, Katolika da Furotesta a inuwa ɗaya. Rikicin 2000 da na 2002 ya sa Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, Musulmi suka koma arewa, masaƙar da ta tara su kuwa ta rufe a 2002. Duk da haka dokar Katolika ta 1983 ba ta yarda a ba Furotesta Jibi ba sai cikin larura mai tsanani, kuma sai ya riƙe aƙidar Katolika a kansa, ba ta kuma yarda ɗanta ya karɓa a hannun fasto ba. Inda abin ya fi fitowa shi ne wajen aure da jana'iza, don dangi ɗaya sun rarrabu cikin ɗariku. In aka zo rabon Jibi a Misar mamaci, a kan yi sanarwa cewa 'yan Katolika waɗanda suka shirya su kaɗai za su matso, sai a ga ƙanin mamacin, dattijo a cocinsa, yana zaune a benci, 'yan'uwansa suna wucewa ta gabansa.