Tarihin Neman Warkar da Rauni Ba Tare da Tabo Ba

 Yau kan tabo za mu yi magana. Kowa na da shi, na ƙuna ko na kaifi ko na tiyata. To amma kun san akwai lokacin da jikinka ke warkewa ba tabo ko kaɗan? Lokacin kana cikin mahaifa ke nan.

A 1971 wani likita mai suna Burrington ya nuna cewa raunin ɗan tayin tunkiya yana warkewa daban da na babba. A 1981 kuma Dakta Michael Harrison na San Francisco a Amurka ya fara buɗe mahaifa yana yi wa ɗan tayi tiyata. Abin mamaki, sai a haifi jariran, a duba wurin yankan, kusan babu alama. Bincike ya nuna wannan baiwa tana nan har wajen mako 24 na ciki, daga nan ta fara ɓacewa.

Me ya sa? Fata mai lafiya, zaren da ke riƙe ta, wato kolajin, saƙe yake kamar tabarma. Idan babba ya ji rauni, jiki gaggawar toshe wurin yake don kada jini ya zuba ko cuta ta shiga, sai ya jera zaren layi ɗaya. Shi ne tabo: ba gashi, ba ya fitar da gumi, ƙarfinsa ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na asalin fata.

Daga nan aka shiga farautar magani. A Mancesta ta Ingila, Farfesa Mark Ferguson ya lura wani sinadari, TGF-beta 3, ya fi yawa a raunin ɗan tayi. Kamfanin Renovo ya haɗa allurar Juvista da shi, gwajin farko ya ba da fata, amma a 2011 ta faɗi a babban gwaji. Shekaru da maƙudan kuɗi suka tafi.

A 2012 Ashley Seifert ya ba da rahoton wani ɓera mai ƙayar gashi a Kenya, wanda fatarsa ke yagewa in an cafke shi, ta sake tsirowa har da gashi. Ashe dabba mai shayarwa ma tana iyawa bayan ta girma.

Sai 2021, Michael Longaker, wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin Harrison, shi da abokansa a Stanford suka gano cewa miƙewar da fata ke yi a bakin rauni ita ke tunzura ƙwayoyin da ke yin tabo. Da suka toshe wannan saƙo da verteporfin, wani maganin ido, raunin ɓeraye ya warke da gashinsa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don tabo mai kumbura da ake kira keloyid ya fi kama masu baƙar fata. Amma a kula, nasara a ɓera ba ita ce nasara a mutum ba, Juvista ta isa darasi. Shekara 50 masana na wannan nema, don haka duk mai tallan man da zai goge maka tabo cikin kwana bakwai, riƙe kuɗinka ka ga likitan fata.