Rumbun Hatsi na Al'umma: Yadda Ake Kafa Shi da Tafiyar da Shi a Rigachikun da Kewaye

Rumbun al'umma, wanda a Nijar aka fi sani da bankin hatsi, ajiyar abinci ce da mutanen unguwa ɗaya ko 'yan ƙungiya ɗaya suke tarawa da kaka lokacin da hatsi ke araha, su fito da ita tsakiyar damina idan rumbunan gidaje sun yi ƙasa, kasuwa kuma ta yi tsada. Ana sayar wa 'yan ƙungiya da rangwame, ko a ba su bashi su biya bayan girbi. Abin da aka samu shi ake sake cika rumbun da shi. Amfaninsa shi ne magidanci ya wuce watannin Yuli da Agusta bai sayar da akuyarsa ba, bai cinye irinsa ba, kuma bai bar gonarsa da ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar wani don abin da za a ɗora a tukunya ba.

Me ya sa Rigachikun?

Rigachikun na cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, a kan babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, inda hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da filin baje kolin kasuwar duniya suke. Gari ne da birni ya cimmasa. Gonaki da yawa na bakin titi sun zama filotai, manomi yana ƙara yin nisa kafin ya samu inda zai shuka, gidajen da ke awo da mudu kuma suna ƙaruwa. Ga waɗanda rashin tsaro ya taso daga wasu ƙauyukan Igabi da Giwa da Birnin Gwari, da yawansu sun sauka wurin 'yan'uwa a gefen birni ba gona a hannu.

Jihar Kaduna kuwa tana sahun gaba a noman masara a Nijeriya. Sai dai masarar ba ta zama. Da kaka 'yan kasuwa na kwasa a Saminaka da Giwa da sauran kasuwannin hatsi, wasu su nufi Dawanau a Kano, wasu Kudu, wasu kamfanonin abincin kaji irin na Olam da aka buɗe a Chikun a 2017. Ƙaramin manomi yakan sayar a lokacin saboda bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar biki, sannan ya dawo ya sayi irin wannan masarar da tsada bayan wata bakwai. Abin ya ƙara tsanani bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023. A watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci, kuma a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Inda abin ya samo asali

Taimakon juna a kan abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai gayya, akwai adashi, akwai zakkar hatsi, akwai kuma rumbun maigida da ba a buɗewa sai damina ta kankama. Rumbun al'umma mai kwamiti da littafi ya yaɗu ne a ƙasashen Sahel bayan babban farin farkon shekarun 1970, musamman a Burkina Faso da Mali da Nijar. An kafa dubbai, kuma gaskiyar magana da yawansu sun mutu cikin 'yan shekaru. Dalilan kusan iri ɗaya ne ko'ina: hatsin farko kyauta ce daga waje, sai mutane suka ɗauke shi kamar rabon gwamnati, aka ci bashi ba a biya ba, aka sayar ƙasa da kuɗin saye, ƙwari suka ci sauran.

Darasi mafi kusa da mu yana Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a can: mata su haɗu rukuni-rukuni, kowane mako su zuba ɗan abin da suka iya a asusu, su ranta wa junansu, ba kuɗin kowa daga waje. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, wasu rukunonin kuma daga baya suka kafa nasu bankunan hatsi. Abin lura a nan shi ne mutanen da suka saba biyan bashin junansu tun kafin a kawo maganar buhu, su ne rumbunsu ya fi daɗewa. Don haka ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe adashi ya zagayo lafiya ba, gara ta fara da shi tukun.

Lissafin farko

Gida mai mutum takwas da tuwo ne babban abincinsa yana cin kusan buhu guda mai kilo 100 a wata. A misali, in gidaje 40 suka haɗu kowa ya kawo rabin buhu, an samu buhu 20. Wannan ba zai ciyar da gida 40 wata biyu ba, don hakan na buƙatar buhu 80. Amma ba kowa ne ke shiga matsi lokaci ɗaya ba. Buhu 20 zai iya ɗaukar gidaje goma da suka fi galabaita har sabuwar masara ta nuna. A faɗa wa mutane haka tun ranar farko, domin rigima takan fara ne idan kowa ya zaci rumbun zai riƙe gidansa duk damina.

A tsayar da ma'auni ɗaya. Mudun Kawo da tiyar Kano ba ɗaya ba ne, kwano ma wani ya fi wani zurfi. In da hali a sayi sikeli. In babu, a ware kwano guda, a yi masa alama, da shi za a karɓa da shi za a bayar, kuma a yanke tun farko ko a cike da tozo ne ko a shafe.

Wane hatsi za a tara? Masara ce ta fi yawa a Igabi, amma dawa ta fi ta haƙurin ajiya, wake kuma ya fi su kuɗi ya kuma fi su saurin lalacewa. Sabuwar ƙungiya ta tsaya a kan iri ɗaya ko biyu.

Kwamiti da doka

Mutum biyar sun isa: shugaba, ma'aji, magatakarda, mai kula da sito da mai binciken lissafi. A sa mata a ciki, su ne suka san gidan da aka kwana ba a hura wuta ba. Ƙofar sito ta kasance da kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku da ba 'yan gida ɗaya ba. Mai unguwa da liman ko fasto su zama shaidu da masu sasanci, amma kada a ba su makulli, saboda in aka samu giɓi ba wanda zai iya buɗe baki ya tambaye su. Duk buhun da ya shiga ko ya fita a rubuta, a karanta a gaban taro kowane wata.

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ta yarda mutum goma su yi rajistar ƙaramar ƙungiya, ta hannun ofishin gama kai na jiha. Rajista na ba da damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗin jama'a ya daina kwana a aljihun ma'aji. Tana kuma sauƙaƙa hulɗa da malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna.

Bashi, riba da zakka

Nan ne ake yawan tuntuɓe. A wasu wurare ana ba da buhu da damina a karɓi buhu da ƙarin kwano da kaka. Malaman Musulunci sun yi ittifaƙi cewa rance da sharaɗin ƙari riba ce, kuma ƙungiyar da ta ɗauki wannan hanya a Rigachikun za ta rasa mutane tun ba ta je ko'ina ba. Akwai mafita. Ana iya sayar da hatsin kuɗi hannu a farashi mai sauƙi. Ana iya sayar da shi bashi a kan farashin da aka yanke a ranar ciniki, a biya kuɗi da kaka. Ko kuma a ba da rance kwano da kwano ba ƙari, sannan kowane ɗan ƙungiya, wanda ya ci bashi da wanda bai ci ba, ya riƙa ba da gudummawar shekara don kuɗin buhuna da gyaran sito. A zauna da malamin unguwa a tantance kafin a rubuta doka.

Farashin sayarwa dole ya rufe kuɗin saye da dako da buhuna da ɗan abin da zai lalace. Tausayi ya sa rumbuna da yawa sun sayar a ƙasa da haka, shekara ta biyu sito ya zama fanko. Marayu da zawarawa da tsofaffin da ba za su iya biya ba, nasu kason daban ne.

Wannan kason daga zakka da sadaka yake fitowa. Nisabin hatsi awsuƙi 5 ne, wato sa'i 300, kimanin kilo 650, buhu shida da rabi ke nan. Noman ruwan sama ana fitar da ɗaya cikin 10, wanda aka shayar da wahala ko da injin ban ruwa ɗaya cikin 20. Kwamiti na iya taimakawa wajen tattarawa da gano mabuƙata, amma zakka hakkin masu ita ce, ba a juya ta a matsayin jari, ba a ranta ta. Buhunanta daban, littafinta daban. Haka kayan godiyar kaka da majami'u ke tarawa, in an kawo su don mabuƙata.

Ajiya

Rabin aikin rumbu busarwa ce. Masara ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa. In ba na'urar awo, a zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba mai tsabta, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da guba mai lahani ga hanta da girman yara, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mai karɓa a bakin sito ya samu ikon mayar da buhun da bai yi ba, ko na wane ne.

Buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka kuma fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. Ana matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki ya ƙarar da iskar ya mutu, ba magani ko ɗigo. Da wake aka fara, yanzu ana sa masara da dawa. Sharaɗinsa kada ya huje, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Ɓera ne babban maƙiyinsa, don haka a jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a share duk tsabar da ta zube. Duro ko jarka mai murfi da ke rufuwa gam ita ma tana wannan aikin in an cika ta taf.

Kada a zuba Sniper ko wani maganin feshin gona a kan abin da za a ci. Irin wannan ganganci ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, mutane kuma sun sha cutuwa da shi a gida. Ƙwayar Phostoxin hayaƙinta na kisa, ba a sa ta a ɗakin kwana ko kusa da shi, sai a hannun wanda aka koya wa.

Idan kasuwa ta juya

An saba ganin farashi ya tashi daga kaka zuwa damina, amma ba kullum ba. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, hatsi ya faɗi a 2025, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ƙungiyar da ta cika sitonta da gudummawar 'ya'yanta za ta ji jiki amma ta tsaya. Wadda ta ci bashin banki ta saya, ita ce ke shiga uku. Saboda haka a fitar da hatsi kashi-kashi daga watan Yuni, kada a jira ranar da farashi zai kai ƙololuwa, kuma kada a tsallaka da tsohon hatsi zuwa wata kakar sai ɗan abin ko-ta-kwana.

Iri kuma a ware masa wurinsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tana da ire-iren masara na SAMMAZ da wake na SAMPEA, cikinsu akwai masu nuna da wuri da masu jure wuta-wuta. Ɗan fegi na mai saurin nuna yana rage kwanakin da gida zai dogara da rumbun al'umma. A tambayi malamin gona wanne ne ake iya adana irinsa a sake shukawa, domin irin aure ba ya ba da yabanya mai kyau a shuka ta biyu. A rubuta sunan iri da shekarar girbi a jikin kowane buhu, kuma mako biyu kafin shuka a ɗebi ƙwaya 100 a gwada a jiƙaƙƙen tsumma. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan irin da za a zuba a rami ko a nemi sabo.