Kayan Mata: Daga Ɗakin Tsohuwa Zuwa Kwalba

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, akwai wani fannin ilmi da matan ƙasar Maska suke koyarwa a cikin gida, ba allo ba tawada, wato haɗa kayan mata. Malamar tsohuwa ce, ɗalibar amarya, jarrabawa kuwa sai a gidan miji, balle in da kishiya. Duk wanda ya karanta Baba of Karo, labarin da Mary Smith ta ɗauka daga bakin wata tsohuwa a Giwa, nan kusa da mu, aka buga a 1954, ya san nauyin kishi a zaman aure na wancan zamani.

Yawancin kayan haɗin na gida ne: dabino, aya, zuma, kanumfari, citta, geron gumba da tsimin rake. Gorontula daga Tula ta ƙasar Gombe yake zuwa, Sakkwatawa kuma su aka sallama wa a gwaninta. Mai haɗawa ta san mai sha, ta san uwarta. In an sami matsala, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Da sana'ar ta koma kwalba da ciniki ta waya, sai wannan sanayya ta yanke. An kafa hukumar NAFDAC a 1993. Viagra ta fito a Amurka a 1998, daga baya aka riƙa gano sinadarinta ɓoye cikin magungunan ƙarfin maza masu sunan na gargajiya a ƙasashe da dama, alhali yana da haɗari ga mai shan wasu magungunan zuciya. To, ga Tsangayar Harhaɗa Magunguna nan Samaru, kan hanyar Funtuwa. Awon abin da ke cikin kwalbar da ake sayar wa ƙannenmu aikin ɗalibanta ne, ko da kunya ko babu.