Zakin da BBC ta ɗinka: Narnia a talbijin

A shekarar 1950 C. S. Lewis, malami a Jami'ar Oxford, ya wallafa The Lion, the Witch and the Wardrobe. Labari ne na yara huɗu da aka kwashe daga Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka ratsa ta cikin wata durowar tufafi suka faɗa ƙasar Narnia, inda wata matsafiya ta hana lokacin sanyi wucewa. Mai ceton ƙasar shi ne Aslan, zaki mai magana, wanda Lewis ya siffanta da Yesu Almasihu bisa aƙidarsa ta Kirista. Duk mai son mayar da littafin wasan talbijin, a kan zakin nan zai tashi ko ya faɗi, domin dole yaro ya ji tsoronsa, ya kuma ƙaunace shi.

Yunƙurin farko ya zo a 1967 a tashar ITV, kashi goma cikin hoto baƙi da fari, mutum ne kuma ya sa kayan zaki. Kashi biyu kaɗai suka tsira, domin tashoshin Birtaniya na wancan zamani ba su ɗauki adana shirye-shirye da muhimmanci ba.

BBC ba ta taɓa Narnia a wasan talbijin ba sai da ta gwada ƙwanjinta a wani littafin. A 1984 ta nuna The Box of Delights, daga littafin John Masefield na 1935, inda ta kashe kusan fam miliyan ɗaya, ta haɗa 'yan wasa na zahiri da zanen hannu mai motsi. Karɓuwar shirin ce ta share fage. Paul Stone, wanda ya jagoranci aikin, da Alan Seymour, wanda ya rubuta wasan, su ne suka sake haɗuwa a kan Narnia.

An fara nuna shirin a watan Nuwamba na 1988, kashi shida, kowace Lahadi da yamma, lokacin da iyali ke gida. Marilyn Fox ce ta ba da umarni, Barbara Kellerman ta fito a matsayin matsafiyar, aka ɗauki wuraren ƙanƙara a Sikotilan. Aslan kuwa ƙaton mutum-mutumi ne da mutum biyu ke shiga cikinsa, na'ura na motsa fuskarsa, Ronald Pickup na yi masa murya. Bakinsa bai cika bin maganar ba, halittu masu tashi sama kuma zane ne da ba ya ɓuya ga ido.

Abin da shirin ya rasa a fasaha ya same shi a lokaci. Sa'o'i uku da aka shimfiɗa cikin makonni shida sun ba Seymour damar bin littafin kusan babi-babi. Cin amanar da Edmund ya yi wa 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewa ya samu sararin nuna, kuma yara kan kwana bakwai suna juya abin a zuciya kafin kashi na gaba. Da aka kai ga daren da Aslan ya miƙa ransa fansa ga yaron, mai kallo ya riga ya san nauyin laifin.

BBC ta ci gaba da littattafai biyu a 1989, sannan The Silver Chair a 1990, ta tsaya a huɗu cikin bakwai. A 2005 Disney da Walden Media suka fito da fim mai zaki na kwamfuta, wanda gashinsa da tafiyarsa suka fi na da nesa ba kusa ba. Su ma a littafi na uku tafiyar fina-finan ta tsaya, a 2010. Har yau, BBC da zakinta na ɗinki ce ta fi kowa nisa cikin Narnia.