Gida Biyu Maganin Gobara: Abin da Ya Kai Sarakunan Musulmi Zama a Wurno

Duk ma'aikacin da aka ba aiki a birnin Sakkwato, tambayar da takan fara hana shi barci ita ce inda zai ajiye iyali. Cikin gari haya ta yi tsada. Bayan gari, a Arkilla ko Bado ko Kwannawa, akwai sauƙin muhalli, amma abin da aka rage a haya yakan tafi a kuɗin mai. Wanda kuma asalinsa mutumin Lahodu ne a ƙasar Wurno, ko na Rabah ko Goronyo, yana da zaɓi na uku: ya bar iyali a gida kusa da gona da dangi, shi ya riƙa jeka-ka-dawo. Wannan lissafi ya girmi mota da kwalta. Kusan shekara 200 da suka wuce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi irinsa a kan wannan hanya ta gabas, kuma amsar da ya bayar ta shafi zaman daular har zuwan Turawa.

Bello ne da kansa ya kafa Sakkwato a 1809. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya koma can a 1815, ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Birnin ya tara duk abin da sarki zai so a kusa da shi: hubbaren Shehu, masallatan Juma'a, malamai, alƙalai da babbar kasuwa. Sai dai aikin da ya fi cin lokacin Bello yana can wajen ganuwa. Alkalawa ta faɗi tun 1808, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba. Sun sake haɗa ƙarfi da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, suna biyo kwarin Rima suna kai hari, su kwashi mutane da dabbobi su juya. Kafin labari ya iso Sakkwato a ɗaura sirdi, maharan sun yi nisa.

Saboda haka Bello ya matsa kusa da aikin. Ya yi sansani a Magariya, inda Baturen Ingila Hugh Clapperton ya zauna da shi a tafiyarsa ta biyu, tsakanin 1826 da 1827. Wajen 1830 ya gina Wurno. Wurin da ya zaɓa yana nuna irin tunanin da aka yi. Garin yana bisa tudu, ambaliya ba ta cin sa, kuma daga can ana hango kwari. A ƙarƙashinsa ga fadamar Rima, mai ba da ruwa da abinci da ciyawar dawaki rani da damina. Tsakaninsa da Sakkwato kuwa tafiyar yini ce a kan doki: manzo na iya tashi da asuba ya isar da takarda kafin dare.

Irin wannan gari shi ake kira ribaɗi, wato mazaunin masu tsaron iyakar ƙasar Musulmi. Bello ya yi rubutu a kan falalarsa, ya kuma ɗauke shi a matsayin tsarin mulki. Ribaɗi a wurinsa gari ne cikakke, mai ganuwa da masallaci da makaranta, da manoma da masu sana'a, ana kuma jawo makiyaya su zauna wuri ɗaya. Ya rarraba 'ya'yansa da 'yan'uwansa a irin waɗannan garuruwa, shi ma bai keɓe kansa ba. A 1836 ya karya rundunar Gobir da ƙawayenta a Gawakuke, a 1837 ya rasu a Wurno. Can aka binne shi, nesa da hubbaren mahaifinsa.

Sarakuna da dama a duniya sun bar babban birni sun koma gefensa. Sarkin Faransa Louis na 14 ya mayar da fadarsa Versailles a 1682, kimanin kilomita 20 daga Paris, don ya nisanci hayaniyar birni ya kuma tara manyan ƙasa a gabansa. Ƙaurar Bello ta saɓa da wannan, domin shi wurin da ya fi hatsari ya nufa.

Bayan rasuwarsa, inda Sarkin Musulmi zai zauna ya zama abin da kowane sarki ke yankewa da kansa. Abubakar Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, ya zauna Sakkwato. Aliyu Babba ɗan Bello, daga 1842 zuwa 1859, ya mayar da fada Wurno. Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya gaje shi, ya fi zama a nasa ribaɗin na Cimola. Wani ɗan Bello, Abubakar, da garinsa ake kiransa har bayan ya hau gado a 1873: Abubakar na Rabah. A 1885, a Wurno Joseph Thomson, wakilin kamfanin Ingila mai ciniki a kogin Kwara, ya sami Sarkin Musulmi Umaru. Kowane gida yana jan fada zuwa inda gonakinsa da barorinsa da mayaƙansa suke.

Wannan tsari bai zo a arha ba. Masanin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853, ya tarar da sarki da fadawa a can, amma da ya leƙa Sakkwato sai ya ga kasuwarta ta fi ta Wurno nesa ba kusa ba. Mulki yana gari ɗaya, ciniki da yawancin malamai suna wani. Wanda ke da hulɗa da duka biyun dole ya riƙa kai da kawowa, manyan ma'aikata kuma suka riƙe gida a nan da can. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u sun yi zaman Wurno a zamanin Bello, alhali gidansu na Sakkwato yana nan. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, amma gida biyu rumbu biyu ne, da jinka biyu, da iyali a rarrabe. Tafiyar yinin ma ba kullum take yini ba. Da damina fadama kan cika, rafuka su kawo, hanya ta ƙaru. In kuwa mahara sun fito, matafiyi sai ya jira ayari.

Abin lura shi ne wanda nauyin ya fi faɗawa a kansa. Sarki ya zaɓi zama kusa da aikinsa, manzanni da fatake da masu kawo ƙara da masu dakon hatsi su ne suka auna hanyar da ƙafa.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Daga nan fada da ofishin Razdan suka tsaya wuri ɗaya, iyakar da Wurno ke tsaro ta daina zama fagen yaƙi, garin ya koma mazaunin hakimi. Alƙiblar tafiya ta juya: maimakon mutanen birni su bi sarki gabas, 'ya'yan gabas ne suka riƙa bin aiki zuwa birni. Rayuwar Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen wanda ya gina Wurno, ta nuna haka. A Rabah aka haife shi, ya yi karatu a Sakkwato da Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, aka mayar da shi Rabah hakimi a 1934, a 1938 kuma aka tura shi Gusau. A kowane mataki aiki ne ya zaɓa masa gida. Da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kuma kafa jami'a a 1975, ma'aikata suka ƙaru, gari ya tsallake tsohuwar ganuwa ya bazu.

Masu nazarin sufuri, musamman Cesare Marchetti a wata maƙala ta 1994, sun lura cewa a ko'ina mutum kan ware kimanin awa ɗaya a rana don zirga-zirga, ko da ƙafa ko a mota. Abin hawa in ya ƙara sauri, sai mutane su ƙara nisan gida. Da wannan ma'auni, mota ta mayar da tafiyar yinin Bello ta kusan awa guda, har Wurno da Rabah suka zama wuraren da ma'aikaci zai iya tunanin kwana. Sai dai abubuwa ukun da suka tsawaita hanyar a ƙarni na 19 suna nan.

Na farko ruwa. A watan Satumban 2010 ruwa ya ɓalle a madatsar Goronyo, ya shafe ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ya kuma yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Malamai da ɗaliban da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga aji suka wayi gari ba su da hanyar isa. Na biyu tsaro. Harin da aka kai yankin Gandi a ƙasar Rabah a 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, sun sa mutanen gabas sun koma duba lokacin fita da na dawowa kamar kakanninsu. Na uku tsada. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso a albashin mai jeka-ka-dawo, da yawa kuma suka koma tsarin Waziri Giɗaɗo ba tare da dukiyarsa ba: ɗaki a birni daga Litinin zuwa Juma'a, iyali a ƙauye.

Mai neman muhalli a yau zai amfana da tambayoyin da zaɓin Wurno ya amsa. A ina ainihin aikin yake, ofis ko filin da ake yawan tura shi? Hanyar fa, yaya take a watan Agusta, yaya take bayan magariba? Wa zai ɗauki wahalar nisan, shi ko matar da ke koyarwa a wata unguwa, ko yaran da ke tafiya makaranta? Bello ya auna tudu da ruwa da tazarar yini guda kafin ya aza tubali. Har yau masu ziyara da suka gama da hubbaren Shehu sukan kama hanyar gabas zuwa nasa a Wurno, su bi tazarar da ya zaɓa.