Tarihin da Aka Tono Daga Lakar Teku

Mu da muke nazarin tarihi mun saba neman shaida a bakin dattawa ko a tsofaffin takardu. To, amma wa zai gaya mana sanyi ko ɗumin ruwan teku shekara dubu ɗari da suka wuce, alhali ba wanda ya auna?

A 1947, Harold Urey na Jami'ar Shikago ya nuna hanya. Oksijin yana da nau'i mai nauyi da maras nauyi, kuma ƙwanson da ya ginu cikin ruwan sanyi ya fi kwasar mai nauyin. Sai Cesare Emiliani, ɗan Italiya da ke aiki a ƙarƙashinsa, ya auna ƙwanson wasu mitsi-mitsin halittu, foraminifera, da aka haƙo daga lakar ƙasan teku. A 1955 ya bayyana cewa zamunan ƙanƙara sun zarce huɗun da masana suka daɗe suna ƙirgawa.

Sai dai a 1967 Nicholas Shackleton na Kambirij ya gyara masa zance. Ashe ƙanƙarar da ke taruwa a doron ƙasa tana riƙe oksijin maras nauyi, ta bar teku da mai nauyi. Wato yawancin abin da aka auna girman ƙanƙara ne.

Wannan gyara bai rushe aikin ba. A 1976, Shackleton, Hays da Imbrie suka yi amfani da awon wajen tabbatar da cewa zuwa da tafiyar ƙanƙara suna bin sauye-sauyen zagayen duniya ga rana. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.