Tarin mai ciki da darussa biyu na shekarar 1956

A gidajenmu na Yamai, idan mai ciki ko mai jego ta kama tari, an san abin da za a ce: sanyi ne, ko ƙurar hunturu. Idan ya daɗe a ce tarin fuka ne. Idan likita ya nemi hoton ƙirji, wanda muke kira radiyo, sai uwar miji ta ce a bari sai ta sauka. Wannan tsoron yana da asali, kuma ina so malamai da iyaye su san tarihinsa, domin rabin labarin kawai ya iso gare mu.

A 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi. Likitocin Turai suka rungume shi har suna ɗaukar hoton cikin mai juna biyu don ganin kwanciyar ɗan tayi. A 1956 wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka haska suna cikin uwa sun ninka sauran yara haɗarin kamuwa da ciwon daji. An yi shekaru ana musu da ita kafin a daina. A 1958 Ian Donald na Sikotilan ya buga aikinsa kan hoton sauti, wato eko ɗin da matanmu ke yi a wurin awo yau, wanda babu wancan haske a cikinsa.

Sai dai hotunan da Stewart ta bincika na ciki ne kai tsaye, da na'urorin wancan zamani. Hoton ƙirji na yau, abin da ke isa ga ɗan tayi daga haskensa ɗan mitsitsi ne, nesa da adadin da ke cutarwa. Shi ya sa likitoci ke yi wa mai ciki idan da dalili.

Darasi na biyu daga Amurka ya zo. Akwai wani daji da ba a cika samu ba, mai tasowa daga mabiyiya bayan haihuwa, ko ɓari, ko irin cikin nan da ke lalacewa ya zama ƙulle-ƙullen ruwa kamar inabi. Idan ya bazu, huhu ya fi nufa. Mace ta yi ta tari, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci har da jini, sak alamun tarin fuka. A da kusan duk wadda ya kai wa huhu mutuwa take. A 1956 Min Chiu Li da Roy Hertz suka ba da rahoton matan da maganin metotireksat ya narkar musu da shi. Li ya lura cewa wannan daji yana fitar da sinadarin da gwajin ciki ke ganowa, don haka ya ci gaba da ba da magani har sinadarin ya ɓace, ko da hoto ya nuna huhu ya washe. Shugabanninsa suka ga ya wuce gona da iri, suka sallame shi. Daga baya gaskiyarsa ta fito, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo suna warkewa idan sun samu magani, da yawansu ma su sake haihuwa.

Mu a Nijar mun makara, amma mun kama hanya. A 1992 aka fara rajistar masu ciwon daji a Jami'ar Abdou Moumouni. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashin daji da haske, abin da a da sai an fita waje. Ga asibitin haihuwa na Issaka Gazoby, inda ake tura masu ciki da lamarinsu ya yi tsanani. Amma duk kyan na'ura, ba ta ganin matar da aka ajiye a ɗaki ana ba ta jiƙo.

Kada a fahimce ni baibai. Yawancin tarin mai ciki ba daji ba ne, kuma tarin fuka ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Tarin da ya wuce mako biyu, a kai ta a gwada majina. Idan ba a ga komai ba, ko ana shan magani babu sauƙi, a koma a faɗa. A gaya wa likita duk wani ɓari ko haihuwa na baya, ko da an shekara, a ajiye kunya, domin wannan bayanin ne zai sa ya tuna da gwajin ciki mai araha. Idan ya nemi hoton ƙirji, maigida ya amince. Malamai kuma, idan kun zo darasin haihuwa, ku koya wa ƴan mata cewa jinin da ya ƙi tsayawa bayan ɓari, ko tarin da ya biyo bayansa, na asibiti ne.